Sunan Ɗan Fari a Ƙofar Lokotoro

Kububuwa ta sari Hashimu da la'asar sakaliya, yana cikin tuge gyaɗa a gonar ubansa bayan Gidan Sori. Kakar farko ke nan bayan an ce ƙasa ta samu mulkin kai. Mai maganin maciji na garin ya ɗaure ƙafar, ya tsaga, ya ba shi jiƙo, ya ce a bar wa Allah. Kafin gari ya waye ƙafa ta kumbura kamar turmi, jini na tsattsafowa daga dasashinsa. Ubansa Na'Allah ya tafi Jibiya sai da gyaɗa, don haka uwarsa Tala ce ta ɗora shi bisa jakin maƙwabta, ta kama hanyar Gidan Rumji tare da Lantana, yayar mijinta. Ranar kasuwa ce, ranar da lokotoro, wato likita, ke zuwa daga Maraɗi da akwatin allurarsa, har da ta dafin maciji. Da azahar yake komawa.

To, Hashimu ɗan fari ne, kuma Tala ɗiyar gidan kunya ce ta gasken gaske. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. Ba ta goya shi a gaban mutane ba, ba ta yi masa wasa ba, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai, wani ya ɗauke shi. Kakarsa ta raine shi har ta rasu, ita yake kira Inna, uwar da ta haife shi kuwa Yaya yake ce mata. In za ta aike shi sai ta dubi bango ta ce, "Wancan yaro, a ɗebo ruwa." Matan Gidan Sori da ita suke yi wa amare misali. Son da take masa kuwa, wallahi ko ƙannensa huɗu aka haɗa ba su kai ba, sai dai ba wanda ya taɓa ganin alamarsa.

Da hantsi suka iso gidan likita. Ɗaki biyu ne na siminti, da rumfa a gaba cike maƙil da mutane, ga sabuwar tuta a kan sanda. A bakin ƙofa akwai tebur, a bayan teburin akwai Jibo.

Jibo shi ke rubuta sunayen marasa lafiya, shi ke tafinta, domin lokotoron mutumin Dahomai ne, ko sannu bai iya ba. Ɗan Tibiri ne, ya ɗan taɓa lakol, wato makarantar boko, ya samu wando kaki da alƙalami, shi ke nan ya ɗauki kansa autan kwamanda. Tun da wani yaro ya mutu bayan allura, danginsa suka kai ƙara buro, ofishin hukuma, lokotoro ya kafa doka: ba a tsira wa ɗan kowa allura sai uwa ko uba ya tsaya ya ce ya yarda. Dokar ba ta da laifi. Hannun da aka danƙa wa ita ne abin tsoro.

Suka kwantar da Hashimu a ƙasa gaban tebur. Jibo ya leƙo, ya dubi ƙafar, ya dubi matan biyu.

"Wanga ɗan wa?"

Lantana ta yi caraf ta ce, "Ɗan ƙanena ne, Malam. Hashimu sunanai. Maciji ne, tun jiya."

"Ke kika haife shi?"

"A'a. Ga ta nan."

Jibo ya juya wurin Tala. "Ke, ɗanki ne?"

Tala ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta dubi ƙasa. Bakinta ya faɗi abin da ya saba faɗi shekara goma sha shida. "Yaron gidanmu ne."

Kash! Da Jibo baƙo ne sai a ce bai gane ba. Ya gane sarai, shi ma uwa ta haife shi. Amma ya ajiye alƙalami, ya gyara zama, ya yi murmushin wanda ya samu abin ɗebe kewa.

"Yaron gidanku? To ni ban ga uwa nan ba. Ku tafi ku zo da ita."

"Haba Malam," in ji Lantana, "ɗan fari ne. Ai ka san hali."

"Ni ban san komi ba. Yanzu zamanin mulkin kai ne, an bar ƙauyanci. In ita ta haife shi, ta buɗa baki ta ce ɗana ne, ta kira sunanai in ji. In ba haka ba, ku matsa, akwai mutane."

Ƴan rumfa suka yi dariya. Ba don abin ya ba su dariya ba, kowa na son Jibo ya ga haƙoransa ya kira shi da wuri. Cikinsu har da mutanen Gidan Sori da suka zo cin kasuwa. Tala ta ji duk idanun nan a bayanta. Lantana ta ja ta gefe ta raɗa mata, "Bar shi, wasa yake. Kar ki zubar da mutuncinki gaban ƴan garinmu. Yanzu zai gaji ya kira mu."

Suka ja Hashimu inuwar bango, suka zauna jiran Jibo ya gaji. Mai ciwon ido ya shiga ya fito. Wani Bafillace mai gyambo ya shiga. Matar wani jandarma ta zo da tari, ko layi ba ta bi ba. Tala na zaune nesa da ɗanta kamar yadda ta saba, tana satar kallonsa ta gefen mayafi. Ta ga ya tofa yawu, yawun ja wur. Sau biyu Lantana ta koma tebur tana magiya, sau biyu Jibo ya ce shi bakin uwa yake jira.

Can lokotoro ya leƙo shan iska, doguwar farar rigarsa duk gumi. Ya hango yaron kwance, ya nuna shi, ya yi tambaya da Faransanci. Jibo ya amsa masa a taƙaice, ya ɗaga kafaɗa. Lokotoro ya koma ciki. Wani tsohon soja da ke kusa da Tala ya ce mata a hankali, "Baiwar Allah, ce masa ya yi ba a ga mai yaron ba tukuna."

Ita ke nan. Tala ta miƙe, mayafi ya zame ba ta ko kula ba, ta je gaban tebur.

"Ɗana ne."

"Na'am?"

"Ɗana ne, ni na haife shi."

"Mi sunanai?"

Ta faɗa a hankali. "Hashimu."

Jibo ya kama kunne ya karkato. "Ban ji ba. Ɗaga murya, jama'a su shaida."

"Hashimu!"

Ko masu dariyar ɗazu sun sunkuyar da kai. Amma ɗan banzan nan bai ƙoshi ba.

"Madalla, ashe ana iyawa. To, sunan uban fa? Mijinki nike nufi."

Lantana ta dafe ƙirji ta yi salati. Tala ta riga ta tuɓe kunya, sauran me? Ta ce, "Na'Allah." Jibo ya tsoma alƙalami a tawada, ya rubuta harafi ɗaya ɗaya, ya busa, sannan ya tashi yana miƙa. Ladan ya fara kiran azahar.

Lokotoro ya fito da akwatinsa a hannu, direba ya riga ya tada mota. Ya durƙusa gaban Hashimu, ya ɗaga leɓensa, ya buɗa idonsa, ya danna cikinsa. Ya yi tambaya, Jibo ya amsa. Sai fuskar lokotoro ta canza, ya juyo kan Tala yana faɗa, yana nuna rana, yana nuna yaron. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba, ta dai ga bai buɗe akwatin ba.

Jibo ya fassara, har da gyaran murya. "Ya ce jini ya riga ya ɓalle cikinai, an makara. Allurar kaɗan ce, ba ya ɓata ta ga wanda ba ya tashi. Ya ce wace irin uwa ce ke, kina zaune tun hantsi ba ki yi magana ba?"

Ta riƙe gefen farar rigar. Lokotoro ya zare hannunta, ba da ƙarfi ba, ya shiga mota. Motar ta bi hanyar Maraɗi.

Tala ta dawo gindin bango. A gaban ƴan Gidan Sori, a gaban yayar mijinta, ta zauna daɓas ta ɗora kan ɗanta bisa cinyarta, ta goge masa baki da bakin zanenta. Ya buɗa ido da ƙyar, ya daɗe yana dubanta.

"Yaya," ya ce, "ke na ji kin kira sunana?"

"Ni ce."

"Ashe mutuwa zan yi."

"A'a, wa ya ce maka? Yanzu za mu koma gida."

Ya girgiza kai kaɗan. "Da zan tashi, da ba ki kira ba."

Jibo ya danna kwaɗo a ƙofa, ya jefa mabuɗi aljihu. Da ya zo wucewa ya tsaya a kansu.

"Ke uwar Hashimu," ya ce, "ku ɗauke shi nan. Ba a mutuwa ƙofar likita, aiki yake ja mana."