Baba Placide Ya Ƙi Hawa Jirgina

"Sauke ni, ɗan nema!" in ji Baba Placide, ya ƙanƙame ƙyauren ƙofa. Ni da 'yarsa Léonie muna ɗauke da shi cikin bargo. Jirgina na bakin ruwa. Likita ya ce in ba a tsallaka da shi asibiti ba, ciwon huhun zai kashe shi.

"Ozite fa?" in ji shi.

Ozite matarsa ce. Ƙafafunta sun daɗe da mutuwa, tana kan kujera gefen murhu tana feraye dankali.

"Baba, ɗakin maza za a kwantar da kai a asibitin," in ji Léonie. "Ba za su bar Inna ta zauna ba."

"To, ku mayar da ni gadona."

Na ce, "Kawu, ruwan teku zai janye, jirgi ya kafe. Bar taurin kan nan."

"Rufe min baki, mai warin kifi."

Duk tsibirinmu mun san dalili. Lokacin da sojojin Ingila suka kwashe mutanenmu Akadiyawa suka ƙone gidajensu, an sa kakar kakansa Nastasie a jirgi ɗaya, mijinta a wani. Ta yi aikatau a ƙasar baƙi, ta dawo da ɗa guda, ta tsufa tana tambayar matuƙan jirgi labarin mijin. Tun daga nan, namijin gidansu ba ya hawa ruwa ya bar matarsa. Shi ya sa suka ƙare a aikin kafinta, a garin masunta. Dariya muke musu.

Léonie ta fashe da kuka. "Baba, mako guda ne kawai!"

"Nastasie ma cewa aka yi za su haɗu da mijinta a can."

Ozite ko kai ba ta ɗaga ba. "Ku ajiye shi, kuna shigo min da sanyi."

Muka ajiye shi. Ya ɗan yi kwanaki yana tari, yana shan romon kaza, yana zagina wai ban iya faskare ba. Wata safiya ya cika.

Maƙabartarmu tana tsallake, bayan coci. Da muka ɗaga akwatin gawar, Ozite ta kira ni.

"Kai, nemo igiya."

"Iya, ruwan nan ba kyau yau."

"Na tambaye ka?"

Na ɗaure kujerarta a jikin akwatin cikin jirgi, na tayar da inji. Ruwa na fantsamo mata a mayafi, tafin hannunta na kan murfin har muka tsallaka.