Inuwa a Ƙasan Hoto

Hotuna sun cinye teburin cin abinci, har wasu sun zubo ƙasa. Renita tana jujjuya su kamar mai tsintar shinkafa. Kwana uku ke nan da rasuwar mahaifinta, Clemon, amma ko ɗigon hawaye bai zo mata ba.

"Mai buga takardu ƙarfe uku zai rufe," in ji Gwaggo Vernell, yayar marigayin, daga bakin murhu. "A cocinmu ba a taɓa binne mutum babu hotonsa a bangon takardar jana'iza ba. Ba kuma a kan ƙanena za a fara ba."

"Ina nema, Gwaggo."

"Ke da kika ɗauki hotunan ubannin birnin Detroit kaf, kika rataye su a bango ana ta tafa miki! Naki uban fa?"

Gaskiya ne. Ubanni ɗari biyu ta ɗauka, masu yi wa 'ya'yansu kitso, masu saɓe da jarirai a tashar bas. Mahaifinta kuwa da ta ɗaga kyamara sai ya kare fuska da hula, ya ce, "Je ki nemi kyawawa." A gida shi ne mai ɗauka. Hotonsa ɗaya tak ya rage, na katin aikinsa a masana'antar mota, ya murtuke kamar wanda ake tuhuma.

Can ta lura da wani abu. Kullum yakan ba rana baya in zai ɗauka, don haske ya sauka a fuskarta. Ranar da ta iya keke, ranar baftisma, ranar gama makaranta: a ƙasan kowane hoto ga doguwar inuwarsa mai hula, hannu ɗaya a sama, kanta yana taɓa takalmin Renita.

Ta zaro na keken, ta miƙa. "Wannan."

Gwaggo ta goge hannu, ta ɗora tabarau. "Ke 'yar nan, kanki ɗaya? Ai sai a ɗauka ke kika mutu."

"Dubi ƙasa."

Gwaggo ta daɗe tana kallo. Waken da ke kan wuta ya fara ƙauri, babu wadda ta motsa.

"Hular nan ni na saya masa," ta ce a hankali. "Ya rantse ba zai taɓa sa ta ba, ja'iri." Ta kashe murhu, ta rataya jaka. "Tashi. Uku saura kwata."

Renita ta karɓi hoton ta gefe, don kada yatsanta ya rufe inuwar mahaifinta.