Murfin Masai Ya Zo Na Goma Sha Ɗaya

Tun da hedimasta ya dawo daga kwas ya hana kowa buɗe baki a taron malamai. Wai surutu na cinye lokaci, manya na danne ƙanana. Yanzu kowa zai rubuta damuwarsa a waya, ba suna, ta fito a babban allon bango, sannan a jefa ƙuri'a. Biyar ɗin da suka fi ƙuri'a su za a tattauna, sauran kuwa manhajar ƙuri'ar ta naɗe su.

Da farko malamar aji ɗaya ta yi murna, don shekararta tara tana ɗaga hannu ana yi kamar ba a gan ta ba. Ta rubuta: murfin ramin masai na bayan ajinmu ya tsage, jiya ƙafar wata yarinya ta zurma har gwiwa.

Aka jefa ƙuri'a. Fankar ofishin malamai ta kwashi sha tara. Rumfar ajiye motoci, sha huɗu. Har launin rigar wasanni sai da ya samu takwas. Murfin masai ya tashi da biyu, tata da ta wani bawan Allah. Tana kallo maganar ta sulale zuwa ta goma sha ɗaya, allo ya haɗiye ta.

Ranta ya ɓaci. Ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, ni na rubuta maganar ramin."

"Malama, kin ɓata sirrin tsarin," in ji hedimasta. "Ba ni na ƙi ba, jama'a ce. Ki sake shigarwa wata mai zuwa."

"Yara arba'in da uku gare ni, ko igiyar takalmi ba su iya ɗaurawa ba. A ba su wayar su zaɓa mana, tunda su za su faɗa ciki."

"Uwar yara, zauna," in ji malamin lissafi yana dariya. "Zufa muke yi."

Minti arba'in cur manyan mutane masu digiri suka yi suna gardamar fankar sama ko ta tsaye. Ana watsewa ta nemo mai gadi.

"Baba, zo ka kama mini wani abu."

Teburin taron suka kinkimo, mai cin mutum ashirin. Suka kife shi a kan ramin, suka danne da bulo.

Washegari lokacin hutun tara hedimasta ya iso yana huci, malamai na biye. Ya tarar da yara a kan teburin suna ta tsalle. Ya kore su, ya ce wannan raini ne, a ɗauke yanzu yanzu. Malama ta tattaro yaranta bayanta.

Mai gadi ya kwashe bulon, ya ɗaga gefe guda. Babu murfi a ƙasa. Ya rufta gaba ɗaya, sai baƙin rami da wari.

Hedimasta ya leƙa, ya waiwaya ya dubi yaran.

"Mayar, Baba," ya ce.