Kilo Ɗari Huɗu da Ashirin a Kan Tayoyin Merv

Shekara talatin da shida Merv Tuckwell ya yi yana jigilar shanu a doguwar mota mai tirela uku tsakanin Cloncurry da Townsville, kuma ko sau ɗaya jami'an hanya ba su taɓa kama shi da lodin da ya wuce ƙa'ida ba. Wannan shi ne abin taƙamarsa a duniya. Bai yi karatu mai zurfi ba, bai tara dukiya ba, amma idan hira ta kai kan direbobi masu danna kaya sai ka ga ya gyara zama. Yakan ce mai lodin ganganci ɗan'uwan mai kisan kai ne, bambancinsu kawai shi bai zaɓi wanda zai kashe ba. Gaskiya ya faɗa.

Da ya ajiye aiki, shi da matarsa Glenys suka sayar da gida, suka sayi tirelar kwana irin mai dogon wuya, wadda ke hawa bayan akori-kura ta kama ƙugiya. Ita ce ɗakinsu, ita ce kicinsu, kuma duk abin da suka mallaka yana cikinta. Shekara shida suna yawo da ita. A watan Oktoba, suna shirin miƙa hanyar yamma zuwa Boulia kafin zafi ya tsananta, taya ɗaya ta baya ta yi ƙulu a gefe. Da hantsi Merv ya ja tirelar zuwa wani shagon tayoyi a Charters Towers.

Mai shagon mace ce, Raelene Pirotta, ta gaji sana'ar a wurin mahaifinta. Ta zagaya tirelar, ta durƙusa gaban kowace taya.

"Huɗu nake so, 'yar nan," in ji Merv. "Irin waɗannan sak. Ko da yake ukun nan zanensu bai ko goge ba."

"Zane na nan, Baba, amma shekara fa? Dubi lambar nan. Shekararsu takwas da fitowa daga masana'anta. Tayar tirela ba gogewa take yi ba, tsufa take yi tana zaune, kamar wasu da na sani."

Glenys ta tuntsire da dariya daga cikin mota.

"To sa sababbi mana."

"Yaushe rabonka da hawa sikeli?"

Merv ya cire hula ya dube ta. "Ni? Ina hawa sikeli tun kina tsumma. Da ido nake auna kaya."

"Na yarda. Amma ƙulun nan ba na tsufa kaɗai ba ne, na nauyi ne. Ba na sa wa tirela irin wannan taya sai na ga takardar sikeli. Haka babana ya yi, haka nake yi. In ba ka so, akwai wani shago a ƙasan titi, su ba sa tambaya."

Ya so ya tafi shagon ƙasan titin. Abin da ya hana shi, ya san Glenys za ta ba kowa labari a duk zangon da suka sauka, cewa Merv Tuckwell ya ji tsoron sikeli.

Sikelin manyan motoci yana bakin kara, wato kasuwar shanu. Kafin su je, Merv ya biya ta famfo ya cika tankunan ruwa duka uku har suka yi ambaliya, ya duba tukwanen gas, ya ce wa Glenys kada ta sauke ko cokali. Yadda zai hau hanya, haka zai hau sikeli.

Mai kula da sikelin tsohon abokinsa ne, Athol, wanda ya auna masa shanu ba adadi.

"Ah, sarkin masu gaskiya! Yau me aka ɗauko, bijimai ko tsohuwa?"

"Auna ka gani, malalaci."

Merv ya ja gaba har tayoyin tirelar huɗu kaɗai suka rage a kan faranti. Athol ya dubi allo, ya goge tabarau, ya sake duba. Sannan ya fito da takarda a hannu, babu dariya a fuskarsa. Farantin ƙarfen da ke liƙe a wuyan tirelar ya ce aksul biyun nan, wato ƙarafan da ke ɗauke da tayoyin, iyakarsu kilo dubu uku da ɗari shida. Takardar Athol ta ce dubu huɗu da ashirin.

"Sikelinka ya lalace."

"Jiya aka gwada shi, Merv." Athol ya sassauta murya. "Ka ji, ba abin tashin hankali ba ne. Ruwa nawa ka ɗauka? Zagaya baya ka buɗe famfon tanki, ka sauke tukwanen gas a gindin bishiya, ka dawo in ba ka takarda mai kyau. Kowa haka yake yi."

Merv ya san dabarar. Ya sha ganin direbobi suna yin irinta, ya sha zagin su a kanta. Wanda ya zubar da ruwa don takarda, gobe zai sake cikawa, don babu mai hankalin da zai nufi Boulia da busasshen tanki.

"Ba ni wannan ɗin," ya ce. Ya ninke ta ya sa a aljihun riga.

A hanyar komawa bai yi nisa ba ya sami mai laifi.

"Duwatsunki ne. Duk inda muka tsaya sai kin tsinto dutse. Ga kwalaben mangwaron da kike dafawa kamar za ki ciyar da barikin soja."

"To, tsoho," in ji Glenys. "Mu sauke mu gani."

Ya koma wa Raelene da wata shawara. Tunda akwai tayoyi masu kaurin gefe, irin na ƙananan motocin kaya, waɗanda kowace ke ɗaukar fiye da kilo dubu da ɗari biyu, a sa masa su. Huɗu sun ɗauke nauyin har da rara.

"Taya za ta ɗauka," in ji Raelene. "Aksul fa? Birki fa? Ka sa wa jaki takalmin ƙarfe, bayansa bai ƙara ƙarfi ba. Ai kai ne ka fi ni sanin wannan, Baba."

Ya sani. Shi ya sa maganar ta yi masa zafi.

A filin bayan shagon suka shimfiɗa tamfol, Raelene ta ara musu sikelin da take auna kaya. Glenys ta fito da bokitan duwatsunta biyu da kwalin kwalabe. Kilo hamsin da biyar. Ta naɗe hannu ta tsaya.

"Saura naka, maigida."

Merv ya buɗe babban akwatin da ya ƙera da hannunsa a bayan tirelar. Injin walda. Janareto na biyu, ko na farko zai lalace. Guntun ƙarfen layin dogo da yake amfani da shi a madadin maƙera. Sarƙoƙin ɗaure kaya tun na zamanin doguwar mota, waɗanda shekara shida bai taɓa su ba. Akwatunan sifanu uku, har da manyan da babu wani noti a tirelar nan da zai shige su. Da aka gama ɗorawa a sikeli, nauyin ya haura kilo ɗari huɗu. Glenys ta shiga ciki ta ɗora shayi, ta kawo masa da burodi mai nama, ta bar shi zaune a kan akwati.

Laifi tudu ne. Mutum yakan yi shekara talatin yana hango na wasu, yana tsaye a kan nasa. Amma ba a nan ake gane namiji ba, sai a abin da ya yi bayan an nuna masa.

Waɗannan ƙarafa su ne abin da ya rage masa na tsohuwar rayuwarsa. Da su ya gyara wa baƙi da yawa motoci a tsakiyar daji, ba ya karɓar komai sai godiya. Ya ɗauki wata babbar sifana, ya juya ta a hannu, ya ajiye.

"Ina ne rumfar tsofaffin garin nan," ya tambayi Raelene, "inda suke taruwa suna walda da sassaƙa?"

"Bayan filin wasa. Yau Talata, suna nan har la'asar."

Sahu biyu ya yi da akori-kura yana kai musu kayan kyauta. Glenys ta ce a haɗa da bokiti ɗaya na duwatsunta, ya ƙi.

"Naki bai kai a yi magana ba. Mayar da kayanki."

Akwati ɗaya ya rage wa kansa, ƙarami, da jak da abin auna iska. Dattawan rumfar suka kewaye injin waldar kamar an kawo amarya. Wani ya tambaye shi ko ciwo ne ya sa yake rabon kaya. Merv ya ce a'a, lodi ne ya yi masa yawa, kuma shi ne ya yi lodin. Ya faɗe ta da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Da ya sake hawa sikeli, tankuna cike, Athol ya miƙo takarda ta taga. Dubu uku da ɗari biyar da saba'in.

"Ka zubar da ruwan ke nan?"

"Je ka buɗe famfo ka gani."

Athol bai je ba.

Sai a lokacin Raelene ta mirgino tayoyi. Masu kaurin gefen ta kawo, biyar har da safaya, don nauyin ya zauna musu da sarari a kan kwalta mai zafi. Merv ya sa tabarau ya bi kowace ɗaya, ya karanta lambar nauyinta, ya karanta ranar da aka yi ta. Ɗaya ta kwana biyu a ajiye, shekararta biyu. Ya ture ta gefe da ƙafa.

"Wannan ta tsufa a kanta, 'yar nan. Canza min."

"Yau kuma ni ake koya wa?" Tana murmushi ta mirgino wata.

Washegari da safe suka kama hanyar yamma. Da suka yi kilomita hamsin Merv ya gangara gefe, kamar yadda aka saba da sabuwar taya. Ya bi notuna ɗaya bayan ɗaya ya ƙara matse su, sannan ya kifa bayan hannunsa a jikin kowace taya. Ɗumi kawai, babu zafi. Wata doguwar motar shanu ta taho, direban ya rage gudu ya kira ta rediyo ko suna neman taimako.

Glenys ta miƙo masa abin magana ta taga.

"Lafiya lau, ɗana," in ji Merv. "Duba kaya nake yi. Wuce abinka."