Maɓallin Mayafi

Layin awon ya sake karkacewa a fuskar kwamfuta. Malama ta dafa ƙugu ta zauna. Cikinta ya tsufa, ƙafafu sun kumbura, ga na'urar awo ta ƙi ba ta haɗin kai.

Abin da take aunawa bai fi ƙwayar magani girma ba. Ita ta niƙa garin ƙarfen, ta danne shi, ta gasa a murhun ɗakin bincike, don ta ga yadda yake amsa maganaɗisu da yadda lantarki ke ratsa shi. A makon jiya awon yana tafiya sumul. Tun Litinin kuwa layin sai tsalle yake.

Farfesa ya leƙo, tabarau a goshi.

"In ya kai gobe a haka, ƙwayar ta lalace. Sai ki gasa wata."

"Ranka ya daɗe, kafin ta gasu na haihu."

"To, digirin sai baɗi ke nan," ya ce, ya ja ƙofa.

Dogo, abokin karatunta, ya ture kujerarsa.

"Yaya, je ki sha ruwa, bari in gwada."

Ta koma bakin taga. Dogo ya kunna, layin ya miƙe kamar an ja shi da zare. Ta dawo da sauri ta sunkuya ta gani, sai ya yi sama.

"Ke ce ba ya so," in ji Dogo. "Ko ɗan namu da guduma zai fito?"

"Allah ya shirye ka."

Ta laluba jikinta. Agogo, zobe, waya, makulli, duk suna cikin kwandon bakin ƙofa kamar yadda doka ta ce. Ta sake matsowa, layin ya sake tsalle. Idonta ya ciko. Ta duƙa za ta ciro ƙwayar, sai wata 'yar ƙusa ta tashi daga kan tebur ta manne ƙarƙashin haɓarta.



Ta kai hannu ta taɓa. Maɓallin maganaɗisu ne da ke riƙe mata mayafi. Maigidanta ya kawo mata shi ran Lahadi, ya ce ya gaji da ganin allura na sukar ta a wuya.

Dogo ya kai maɓallin kwando yana dariya har da riƙe ciki. Malama ta kama mayafin da hannun hagu, ta kunna da dama. Layin ya tafi sumul har ƙarshe. Ta sauke numfashi, ta ji ɗan cikin ya motsa.

Wayarta ta yi ƙara a kwando. Maigidan ne.

"Ya maɓallin nan? Yana riƙewa kuwa?"

"Sosai ma," ta ce, idonta na kan layin. "In za ka zo ɗaukata, taho min da allura."