Fadamar Wancan Yaron

Jibrin. Sunan mijina ke nan, kuma ga shi na kira shi da bakina. Wanda zai ce Asma'u ba ta da kunya ya je ya ce. Kunyar ce ta raba 'ya'yana da gonar ubansu, to me zan yi da ita?

Jibrin ne ɗan fari wurin Malam Ladan na ƙauyen Kashin Zama. Kun san halinmu da ɗan fari: uba ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa gaban mutane. Tun da aka kai ni gidan ban taɓa jin tsohon ya ce "Jibrin" ba, sai dai "wancan yaron". Alhali duk cikin 'ya'yansa babu wanda yake so kamarsa, kowa ya sani.

Akwai wata fadamar Malam bayan gari da aka yi watsi da ita, sai ƙaya da ciyawa. Jibrin ya sassabe ta da hannunsa, ya haƙa rijiya, ya sayar da babur ɗinsa ya sayi injin ban-ruwa, ya yi ta jidar taki. Ƙannensa suna masa dariya. Da albasa ta fara fita jajir, manya-manya, har dillalan Aliero na biyo shi gida, dariyar ta tsaya.

Wata safiya na kai wa Malam kunu a zaure. Ina durƙushe, ya kawar da kai wajen bango ya ce, "A shaida ma wancan yaron ya riƙe fadamar can. Tashi ce." Daga ni sai shi sai kaji.

Na faɗa wa Jibrin, na ce ya nemi Baba ya maimaita gaban liman da mutum biyu. Ya yi dariya har yana riƙe ciki.

"Haba Asma'u! In tsai da Baba gaban jama'a ya kama sunana? Ai sai ya nutse ƙasa. Kuma saurin mi kike? Dube ni, ko furfura ɗaya babu."

Babu kuwa. Haka aka yi masa wanka babu furfura ko ɗaya, ranar da motar albasa ta kife da su tsakanin Aliero da Jega. Ya bar ni da Fa'iza da ƙanwarta Lubna tana goye.

Ina cikin takaba yayana Mukhtar ya zo daga garinmu Liba. Shi ya yi karatu. Ya ce mini, "Ki buɗe kunnenki. Jikan da ubansa ya riga kaka rasuwa ba ya cin gado in akwai baffanni. Sai dai in Malam ya tabbatar da kyautar gaban shaidu, ko ya yi wa yaran wasiyya. Yau, ba gobe ba."

Na haɗiye kunya na tafi zaure na durƙusa. Ban gama magana ba tsohon ya fara hawaye. Ya ce, "Ɗiyan wancan yaron ai ɗiyana ne. Bari a cire albasa, in tara mutane." Ashe Ya'ƙub, ƙanen Jibrin, yana bakin ƙofa. Ya shigo yana huci.

"Ke! Likkafani kika zo auna mai? Ɗansa bai daɗe a ƙasa ba kina kira mai mutuwa?"

Kafin la'asar duk gari ya ji wai matar marigayi na ƙirga kwanakin surukinta. Ban sake tada maganar ba. Malam kuma zazzaɓi ya kwantar da shi, ya rasu albasa na tsaye a gona.

Ranar rabon gado, malamin da aka kira ya ce in da mai magana ya yi. Na yi daga bayan labule. Ya'ƙub ya ce aro ne, Jibrin noma kawai aka ba shi. Malamin ya juya ga dattawan da suka yi zaman masallaci da Malam shekara da shekaru, ya ce, "Cikinku wa ya taɓa jin marigayi ya ce ya ba Jibrin fadamar nan?"

Wani tsoho ya goge ido ya ce, "Wallahi ni ko sunan ban taɓa jin ya ambata ba."

Abin takaicin, gaskiya ya faɗa. Ba na jin haushin hukuncin Allah, ƙofa a buɗe take, su ne suka ƙi shiga. Haushin uba da ɗa nake ji, mutum biyu masu son juna, da suka gwammace yarana su rasa gona da su haɗa ido su yi magana. Har yau ban huce ba, kuma ina musu addu'a a hakan.

Fadama ta faɗa rabon Ya'ƙub. Injin suka ba mu, tunda kowa ya san Jibrin ya saya. Yana nan ƙarƙashin gadona a Liba, inda na koma da yarana, injin ban-ruwa babu gona, sai tuntuɓe nake da shi.

Bana da aka cire albasa sai ga Ya'ƙub da kansa kan babur, da rabin buhu a baya. Ya sauke a ƙofar gida, ya ɗaga murya don maƙwabta su ji: "Sadaka ce ga marayu, a saka Baba cikin addu'a."

Na buɗe. Jajir, manya-manya, irin da Jibrin ya zaɓa da hannunsa ya ajiye. Na so in watsa masa ita a fuska, wallahi na so. Amma tukunyata ta kwana biyu ba ta ga albasa ba.

Fa'iza ta dube ni. Na ce, "Durƙusa ki yi wa baffanki godiya."

Ta durƙusa.