Koren Fiyus a Ƙofar Gidan Surukai

Assalamu alaikum 'yan gidana, har da ku masu karantawa a ɓoye ba kwa tankawa, ina ganinku. Ku matso, yau labarin wani direba na kawo muku, wanda abin da bai kai ɗan yatsa ba ya tona masa asiri a garin surukai.

Shekarun da aka ƙaddamar da shari'a a Kano ne, maza a gaban mota mata a baya, mai sai wajen 'yan bumburutu, kayan gyara sai na gwanjo. Lukuman yana jan tsohuwar bas ɗin wani Alhaji, Gwarzo zuwa Kano, ya juyo. Matarsa Zulaiha ta yi haihuwar fari, aka tafi da ita gidansu a Kabo wankan jego. Kun san doka, ba a rawar kai a kan 'yar fari. Ran suna ya je ya durƙusa a zaure, aka miƙo masa jaririya, ya kalle ta da gefen ido ya mayar. Sunan mahaifiyarsa ta ci, ana ce mata Ummi. Ko kamanninta bai riƙe ba.

To, gidan surukin nasa, Malam Abdulƙadir, a bakin titi yake, kuma kullum ta nan yake bi. Tsayawa babu fuska. Sai ya ƙirƙiro dabara. Da ya zo saitin gidan sai ya rage gudu ya danna hon, gajeru biyu, dogo ɗaya. Hon ɗin nan muryar akuya mai mura gare shi, duk layin babu irinsa. Ba su taɓa shirya maganar ba, amma wata rana sai ya hango jan zanen goyo a shanye kan katanga, zanen da shi ya saya. Tun daga nan kullum yana nan. Da wannan bawan Allah yake rayuwa. Ya koma ɗakinsa a Gwarzo, babu hayaƙi babu motsi, ya ci garau-garau a tasha, ya kwanta yana tuna zane.

Kwatsam hon ya mutu. Kwana biyu yana wucewa shiru kamar mai ɗauke da gawa. Zane kuma ya ɓace daga katanga. Lukuman ya shiga tambayar kansa. Ko ta ɗauka ya manta da su? Ko yarinyar ce ba lafiya?

Da sassafe ya dira rumfar Sajo mai wayarin a tashar Gwarzo. Sajo ya tsuguna ƙarƙashin sitiyari, ya zaro ɗan shuɗin abu, ya ɗaga wa rana.

"Fiyus ya tsinke, angon ƙarni."

"Sa wani, ina da lodi."

Sajo ya zazzage gwangwaninsa, ya sami shuɗi guda ɗaya tak. Ya sa, Lukuman ya danna, akuya ta ce "fam", ɗif, ta sake mutuwa.

"Ka gani? Ba laifin fiyus ba ne," in ji Sajo. "Akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe. Bar min motar yau in bi ta."

"Yau? Alhaji ya ci ni ɗanye? Ga wani kore can, sa min."

"Lamba talatin ne. Naka sha biyar."

"To ba ya fi ƙarfi ba? Ni mai ƙarfi nake so."

"Kai, direba ne kai ko ɗan dambe? Lambar nan ita ce iya wutar da zai bari ta wuce. Wayar hon ɗinka siririya ce, sha biyar take ɗauka. In wuta ta zarce, shuɗin ya tsinke, waya ta tsira. Koren nan sai wayar ta dahu yana zaune lafiya lau."

"Sau ɗaya zan danna, Sajo. A Kabo kawai."

Sajo ya dube shi sama da ƙasa. "Au, ashe ba akuyoyin hanya ake kora ba. Ni dai hannuna ba zai sa ba."

Yana juya baya, Lukuman ya ɗauki kore ya cusa da kansa.

Tun daga Gwarzo hannunsa yake shawagi a kan sitiyari. Mai keke ya gitta, bai danna ba. Jaki ya tsaya a tsakiyar titi, ya leƙa ta taga ya yi masa tsawa da baki. Wata tsohuwa, Hajjo, daga kujerar baya ta ce, "Ɗan nan, hon ɗin ma tsuke bakin aljihu ya shafe shi?"

Ga Kabo. Ga katanga, babu zane. Lukuman ya yi bismilla ya danna. Fam, fam, faaam.

Ya ɗauke hannu, akuya ba ta yi shiru ba. Ya doki sitiyari, ina! Sai ƙauri, sai farin hayaƙi daga ƙarƙashin gwiwarsa. Fasinja suka ɗau salati, wannan ta ƙofa wancan ta taga, aka manta waye na gaba waye na baya. Mota ta tsaya cak a ƙofar gidan Malam Abdulƙadir tana kwarara ihu, har Lukuman ya fizge kan batir.

Garin ya yi tsit. Malam yana zaune kan tabarma da abokansa. Ya sa tabarau.

"Wa nake gani kamar Lukumanu?"

Lukuman ya zube ƙasa, fuska duk baƙi. "Baba, ina kwana. Mota ce ta ɗan…"

"Mun ji ta. Ai kullum muna jin ta. Kwana biyun nan ne ma muka ce ko lafiya." Dattawa suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. "Shiga zaure ka wanke fuska."

Yana zaure sai ga Zulaiha da buta, lulluɓe har ido, Ummi a kafaɗa. Ta ajiye butar, ba ta kalle shi ba.

"Na ɗauka ka canja hanya," ta ce a hankali.

"Fiyus ne."

"Ban san shi ba. Ni dai na daina barci."

Ta miƙo yarinyar wai ya riƙe ta zuba masa ruwa. Wannan karon ya kalla da ido biyu. Hancinsa ne sak, har ɗan lanƙwasar. Bai gama ƙirga yatsunta ba aka yi gyaran murya daga cikin gida, Zulaiha ta karɓe ta shige.

Da yamma aka ja motar zuwa Gwarzo. Wayarin ya narke tun daga sitiyari har fitila. Sajo ya zaro koren fiyus, ko ƙwarzane babu, ya sa wa Lukuman a tafin hannu. Alhaji ya karɓe makulli.

Arba'in da saura. Lukuman ya yi wuni biyu a bencin tasha yana kallon motoci suna ɗaukar hanyar Kano. Rana ta uku ya shiga gaban motar wani abokinsa a matsayin fasinja. Suna isa Kabo ya miƙa hannu ta kan direba ya danna, gajeru biyu, dogo ɗaya. Murya ta fito garau, ba ta akuyarsa ba. Jan zane yana kan katanga, iska na kaɗa shi, amma babu mai gaya masa ko ta gane shi ne.

To 'yan gidana, ku faɗi gaskiya don Allah. Da ku ne a rumfar Sajo da safen nan, kore a gabanku, katanga babu zane, barin motar za ku yi ko cusawa?